Yadda ake amfani da agogon hannu mai auna zuciya a gane abin da ke tada hankalin mai gigin tsufa

Shekara biyu kenan nake jinyar kakata a nan Tahoua, gigin tsufa ne, likita ya ce Alzheimer, wanda a lissafin OMS, hukumar lafiya ta duniya, shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon mantuwa. Mutum uku na gani sun sayi agogon nan bayan sun ga namu, dukansu ba a yi wata ba suka jefa shi akwati wai bai yi musu komi ba. Toh ai agogo ba ya magani, iyakarsa ya nuna maka lokacin da zuciyar tsoho ta tashi da yadda ya kwana, sauran aikin naka ne.

Da farko sayi siririn nan, Mi Band na Xiaomi ko makamancinsa, batir ɗinsa na iya kai kusan sati biyu, ga yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kar ka sayi babba mai amsa kira, ɓarnar kuɗi ce kuma nauyi yake musu. Abu biyu ke aiki a ciki, koriyar fitila a ƙasa mai auna bugun zuciya ta fata, sai na'urar jin motsi wadda da ita yake ƙiyasta taku da barci. In ya yi sako-sako ƙarya fitilar za ta yi ta ba ka, hannun tsofaffi kuma a rame yake, don haka ka ƙara huda a madaurin, kullum ka kwance ka goge zufa don fatarsu ba ta da ƙwari. A cikin aplikasiyo ka sa ya riƙa auna zuciya kowane minti ɗaya, zai ci batir amma na minti 30 ba ya nuna komi.

Ka gaya wa mai ciwon mene ne, ka nemi yardarta da ta manyan gida. Kakar tawa, Inna, sau biyu tana cirewa, sai da na ɗaura irinsa a hannuna na sa mata nata kusa da awarwaronta sannan ta bar shi. In ta ƙi, a ƙyale ta.

Satin farko kar a canza komi, a yi yadda aka saba. Sai kaye da bik na rubuta abin da ya faru, kuma wallahi nan ne na yi asarar sati uku. Rubutawa nake "bayan la'asar ta yi rigima", alhali tsakanin la'asar da magariba fiye da awa biyu ne, a ciki akwai wanka, akwai dawowar yara daga lakkol, ga baƙi masu gaisuwa, ga ƙarar injin niƙa na maƙwabta, da na buɗe zanen bugun zuciyar a aplikasiyo na ga ya hau ya sauka wuri huɗu na rasa wanne ne na wanne. Dole ka rubuta lokaci daidai, 17h40, kuma daga portabul ɗin da agogon ke haɗe da ita za ka duba, ba agogon bango ba. Ka rubuta wa ya shiga, ta gaba ko ta baya, ina ya fara taɓawa, me ya ce. Duk mai shiga ɗakin ya rubuta, a rataye kayen jikin ƙofa.

Da muka gyara, cikin kwana biyar abin ya fito fili. Duk lokacin da ƙanwata ta zo ta bayanta ta kama wuyan hannunta "Inna tashi wanka", bugun daga saba'in da wani abu sai ya haura 100, tana fizgewa tana "wa na wanga, mi kuka so da ni?" Mu da mun ɗauka yamma ce kawai, tunda dama masu ciwon nan sun fi rikicewa da faɗuwar rana.

Daga nan sai gwajin salo, abu ɗaya kowane sati, in ka canza uku tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Ni Humanitude nake bi, hanyar jinya da Yves Gineste da Rosette Marescotti suka fara a Faransa a 1979, ginshiƙanta huɗu: kallo, magana, taɓawa, tsayuwa. Masu bincike a Japan har kamara suke ɗaura wa mai jinya a ka don su auna kusancin fuskarsa da ta majinyaci. Mu ba mu da kamara kuma ba zan yarda a ɗauki Inna wurin wanka ba. Mun fara da zuwa ta gaba, a yi sallama a jira ta amsa, a durƙusa ido ya yi daidai da ido. Ƙanwata ta sha wuya nan, an rene mu kan kallon babba cikin ido rashin kunya ne, amma Inna sai ta ga fuska kusa take gane akwai mutum. Sati na biyu muka daina damƙar wuyan hannu, sai a tallabo damtse ta ƙasa ana magana a hankali.

Ƙarshen sati ka jera zanen da kayen ka kwatanta, ka yi kaptir ka nuna wa likita, kar ka tura gurup ɗin dangi na WhatsApp, kar kuma ka taɓa magani da kanka. In bugun ya tashi ya ƙi sauka alhali ba wanda ya taɓa ta, ka duba zazzaɓi, ƙishirwa ko ciwon fitsari, ku tafi asibiti ranar.