Matakan Fara Rubuta Littafin Tafiya a Kan Sudan

'Yan'uwa daga garuruwan Mai Wurno da Gadarif na Sudan sun sha tambayata yadda ake fara littafi a kan ƙasar nan, duwatsunta da kiɗanta da halin mutanenta. Ga matakan.

1. Ka tanadi ƙaramin littafin rubutu wanda zai shiga aljihun jallabiyarka.

2. Ka zaɓi hanya ɗaya tak, misali bin kogin Shuɗin Nilu daga Sinnar zuwa Mugran a Khartum, inda ya haɗu da Farin Nilu.

3. Ka tambayi mutanen gari halin hanya kafin ka tashi.

Gargaɗi: tun watan Afrilun 2023 yaƙi ya sauya hanyoyi da dama, don haka kada ka dogara da labarin bara.

4. Ka rubuta abin da idonka ya gani a ranar, kamar launin duwatsun Taka na Kasala gab da magariba.

5. Ka nemi izini kafin ka ɗauki sautin dalluka, wata ganga ta gargajiya, a gidan biki.

Gargaɗi: a nan aka fi yin kuskure, domin mata ne ke kaɗa ta, kuma kunna waya a tsakaninsu ba da saninsu ba cin fuska ne.

6. Ka zauna gaban dattawa, musamman jikokin waɗanda suka yo hijira daga Daular Sakkwato bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903. A ganina wannan ne zuciyar littafin, saboda haka kada ka katse su.

7. Ka buɗe shafin farko da wuri guda, ko da rumfar mai shayi ce, inda jabana, wato gahawar Sudan, ke ƙamshin citta a kan gawayi.