Sabon zuwa Turai: maganar wariyar ɓoye da neman aiki

Salamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa, musamman waɗanda suka sauka Ingila ko Jamus ko Faransa kwanan nan. Akwai wata magana da za ku yi ta ji a jami'a da wajen aiki, wai wariyar ɓoye, wato mutum ya fifita wani kan wani saboda launin fata ko addini ko suna alhali shi kansa bai san yana yi ba. Wasu kamfanonin ma satin farko za su zaunar da ku horo a kai. Gara ku san inda maganar ta samo asali da inda gaskiyarta ta tsaya.

A 1998 ne wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington ta Amurka, Anthony Greenwald, shi da abokan aikinsa suka fito da gwajin auna wariyar ɓoye da ake kira IAT. A kwamfuta ake yi. Za a riƙa jefo maka fuskoki farare da baƙaƙe, da kalmomi masu daɗi da marasa daɗi, kai kuma yatsa ɗaya kan maɓallin E ɗaya kan maɓallin I kana dannawa da sauri ba a ba ka damar tunani, wani zagayen baƙar fuska na maɓalli ɗaya da kalmar kirki wani zagayen kuma tana tare da mummuna. Ɗan jinkirin nan da hannunka ya yi, wanda bai ma kai daƙiƙa ba, shi ake aunawa. Gwajin na nan kyauta a shafin Project Implicit na Harvard, kamar minti goma ne. Miliyoyi sun yi, mafi yawa kuma sun fi saurin haɗa farar fuska da kalmar kirki, har da baƙaƙen fata da dama a ciki.

To amma fa a yi hattara. Mutum ɗaya in ya yi gwajin yau ya sake wani satin, sakamakon kan bambanta, kuma waɗanda suka ƙirƙiro shi da bakinsu sun ce ba a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi. Gwamnatin Birtaniya ma a Disambar 2020 ta ce ta daina yi wa ma'aikatanta irin wannan horo don ba ta ga hujjar cewa yana canza hali ba. Shi ya sa nake roƙonka ɗan uwa, kar ka ɓata lokacinka kana karanta zuciyar oga don ya ƙi amsa gaisuwa da safe. Zuciya sai Allah. Abin da aka yi maka a zahiri shi za ka sa wa ido.

Binciken da ya fi shafarmu shi ne na takardun neman aiki, inda masana ke tura CV biyu iri ɗaya sak sai suna kawai aka canza. A binciken da suka fitar a 2004, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun tura kusan 5,000 a Boston da Shikago, masu sunan farare suka fi samun kira da kashi 50 cikin 100. A Ingila, binciken Kwalejin Nuffield ta Oxford na 2019 ya nuna mai asalin Najeriya sai ya tura takardun da suka ɗara na bature da kashi 80 cikin 100 kafin ya sami amsa daidai da shi. A Faransa an gwada Marie Diouf da Khadija Diouf, duk sunan Senegal, Marie ta fi samun kira sau biyu da rabi. Wanda ya fi taɓa min rai shi ne na Jamus da Doris Weichselbaumer ta fitar a 2016, mace ɗaya ce a hoton, da sunan Sandra Bauer ta sami kira kusan kashi 19, da sunan Turkawa Meryem Öztürk kashi 13 da ɗoriya, da ta sa ɗankwali kuwa ya faɗo zuwa kashi 4. 'Yan uwa mata masu hijabi, ba don ku karaya na kawo wannan ba wallahi, sai don in kun ji shiru wata da watanni ku daina zargin kanku da digirinku.

To ga shawara: ka tura takardun neman aiki da yawa, fiye da yadda abokin karatunka bature ke turawa. Ka cire abubuwan nan da muka saba jerawa a gida, addini, jihar asali, ranar haihuwa, aure ko babu, ba mai tambaya. A Ingila ba a sa hoto. A Jamus al'ada ce amma ba dole ba. Aikin gwamnatin Birtaniya da yawa suna rufe suna a matakin tantancewa na farko, ka nemi irinsu. In ka san wani a cikin kamfani ka roƙe shi ya gabatar da kai, ba maula ba ce, su ma haka suke yi. Maganar yanke suna kuwa, Muhammadu ya koma Mo, kowa da ra'ayinsa, ni dai ban so, ranar intabiyu ai fuskarka za su gani.

In an maka abin da ka ga wariya ce ƙarara, ka rubuta a ranar: kwanan wata, lokaci, wa ya faɗa, wa ke wurin, ka adana imel da saƙonni. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta hana wariyar launi da addini, hukumar sasanta rigimar aiki ACAS da ƙungiyar Citizens Advice na ba da shawara kyauta, kuma lokacin kai ƙara gajere ne, kar ka ce sai ka huce. A Jamus wata biyu kacal gare ka ka rubuta ƙorafin neman diyya. Ka shiga ƙungiyar ƙwadago tun albashin farko, don yawancinsu ba sa ɗaukar rigimar da ta fara kafin ka zama mamba.