Yadda ake kunna kyandirorin jiran Kirsimeti a gida

Ku nemi kyandir huɗu, uku masu launin shunayya, ɗaya ruwan hoda. In ba a samu ba, farare ma sun wadatar. A kafa su cikin faranti mai yashi don kada su tuntsure, a kewaye su da ɗanyen ganye. Wani fasto Bajamushe, Johann Wichern, ya fara wannan al'ada a Hamburg a 1839.

Ana farawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti. Da almuru a kashe fitila, a zauna shiru kamar minti biyu cikin duhu, kowa ya tuna kasawarsa a gaban Allah. Nan ne akasari ake gaggawa, alhali shirun ne ke koya wa zuciya tawali'u. Sannan a kunna kyandir ɗaya kacal, a karanta Ishaya 9:2 ko Zabura 130, inda mai zabura ke jiran Ubangiji fiye da yadda masu tsaro ke jiran wayewar gari. Kowace Lahadi a ƙara ɗaya. Na ruwan hoda a mako na uku.

Hunturu na busar da ganye cikin kwanaki kaɗan, busasshe kuwa nan da nan yake kama wuta. A riƙa sauya shi, a rufe taga saboda iska.