Matakan neman bizar L-1 idan kamfaninku zai mayar da kai reshensa na Amurka

Da farko, tabbatar ka yi wa kamfanin aiki na shekara guda cur ba yankewa a wajen Amurka, cikin shekaru 3 da suka gabata.

Daga nan kamfanin ne zai shigar da fom I-129 a USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka. A nan gizo ke saƙa: dole wasiƙar da kamfanin zai haɗa da fom ɗin ta fayyace matsayinka, domin L-1 iri biyu ce. Manaja yana samun L-1A, har zuwa shekara 7. Mai ƙwarewa ta musamman kuwa L-1B, shekara 5. Kada ka yarda a rubuta wasiƙar sama-sama, ka karanta da idonka.

In an amince, cike fom ɗin neman biza, DS-160, ta intanet, biya kuɗin biza, sannan ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci. Tafi da fasfo da takardar amincewa, I-797. Matarka da 'ya'ya bizar iyali, L-2, za su nema.