Goge tarihin fayilolin da ka buɗe a kwamfutar shago

Idan ka yi aiki a shagon buga takardu, Windows na riƙe sunayen fayilolin da ka buɗe.

1. Danna maɓallin Windows tare da E don buɗe File Explorer, wurin da ake ganin fayiloli.
2. A Windows 11 taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Options. A Windows 10 yana ƙarƙashin View.
3. Wajen Privacy, danna Clear.

Word kuwa nasa jerin daban yake, nan mutane ke mantawa. Shiga File, sannan Open, ka danna dama kan suna ɗaya a jerin, ka zaɓi Clear unpinned.

Sunaye kawai ka share fa. Takardar da ka sauke tana Downloads. Goge ta, ka kwashe Recycle Bin.