Yadda nake karanta wa yarana littafi tun ba su san baƙi ba

Autana shekararsa 3, ko "a" bai sani ba, amma in na tsallake shafi a littafinsa na Gizo sai ya riƙe min hannu ya ce, "Umma, kin bar wurin Ƙoƙi." Ya haddace labarin da kunne, kamar yadda ɗan makarantar allo yake biya Fatiha tun kafin a rubuta masa babbaƙu. To a kan wannan kunnen nake gina komai.

Ki fara da tsayar da lokaci. Ni bayan sallar isha'i ne, an ci tuwo, an kashe talabijin, wayata tana ɗaki. Minti 10 ya isa. Ki ɗora shi a cinya yadda zai ga shafin, kada ki zauna gabansa kamar malamar aji. Da "Ga ta nan, ga ta nanku" nake buɗewa ko da labarin ba tatsuniya ba ne, don da sun amsa "Ta zo mu ji ta" rigima ta ƙare.

Kina karantawa, yatsanki yana bin layi daga hagu zuwa dama. Wannan yana da amfani musamman ga yaranmu, domin a allo daga dama ake farawa, kuma yaro ba zai gane bambancin da kansa ba sai ya gani. Ki sauya murya: Gizo da tsamin bakinsa, kura da muryar tsoro. Ki tsaya tsakiyar labari ki ce, "Me kake jin zai faru?" Duk shirmen da ya faɗa ki karɓa. In ya ce a maimaita littafi ɗaya dare bakwai, ki daure. Ke ce kika gaji, shi yanzu ya fara jin daɗi.

Da Hausa za ki fara. Na san ana yi wa uwa kallon ta waye in ɗanta yana rera ABC, amma rubutun Hausa yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. Yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya haɗa da ka, ke, ki, ko, ku, ba da jimawa ba zai karanta "baki" da kansa. Daga nan sai ki rubuta masa "baƙi" a gefe, ya ga abin da ɗan lanƙwasar nan take yi. Babbar 'yata ta yini tana dariyar "kafa" da "ƙafa". Kwalin madara da allon shago duk abin karantawa ne a hanya.

Sai laburare. A nan Kano muna zuwa na Murtala Muhammad, ranar da ba makaranta. Kafin ku fita ki gaya masa a can ba a ihu, ba a cin abinci a kan littafi. In kun isa, ki tambayi ma'aikata inda littattafan yara suke, da ka'idar yin rajista da aro. Sannan ki janye hannunki, shi zai zaɓa. Nawa ya taɓa ɗauko wani mai hotunan motocin gini da Turanci zalla, na so in musanya masa, sai na fasa. Muka zauna ina ba shi labarin hotunan da Hausa.

In garinku ba laburare, ku haɗu ku biyar a unguwa, kowace ta sayi littattafai biyu, a zuba a kwali a riƙa zagayawa duk Juma'a. Ki liƙe bangon da salatif tun ranar farko, don namu na farko sati guda ya yi ƙanin wata ya tauna shi.