Kurakuran da aka fi yi in ana maganar yawan jama'a da albarkatun ƙasa

Ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa mutanen duniya sun cika biliyan 8. Tun daga nan maganar ba ta lafa ba, a gidan rediyo, a aji, a majalisar bakin titi. Wasu su ce mun yi yawa, ƙasa ta gaji da mu. Wasu su ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, a rufe zancen. Kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya, kuma kowanne yana da ramin da ya saba faɗawa. Wanda zai rubuta ko ya yi magana a kan wannan batu, ga wuraren da ƙafa ta fi zamewa.

Na farko shi ne haɗa yawan mutane da saurin ƙaruwarsu kamar abu ɗaya ne. Yawan dai yana hawa: biliyan 1 a wajen shekarar 1800, biliyan 2 da rabi a 1950, biliyan 4 a 1974, biliyan 6 a 1999. Amma saurin ya daɗe da juyowa. A shekarun 1960 ne ya kai ƙololuwa, kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara, yau kuwa bai kai kashi 1 ba. A wancan lokacin matsakaicin abin da mace ke haifa a duniya 'ya'ya 5 ne, yanzu ya sauko zuwa wajen 2.3. Hasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce za a tsaya a kusan biliyan 10.3 cikin shekarun 2080, sannan a fara raguwa. Sin ma ta riga ta fara raguwa tun 2022, Indiya ta wuce ta a 2023. Don haka wanda ya ce jama'ar duniya na ninkawa ba ƙaƙƙautawa, labarin shekara sittin da suka wuce yake bayarwa. Gyaran mai sauƙi ne: duk adadin da za ka kawo, ka faɗi ko na yawa ne ko na sauri, na wace shekara, kuma na wace ƙasa.

Daga nan sai kuskuren da ya fi ba ni haushi, wato a ce mutane sun yi yawa ne saboda an ƙara haihuwa. Kakanninmu sun fi mu haihuwa. Abin da ya canza shi ne mutuwa. Tambayi tsohuwa a gidanku nawa ta haifa, nawa suka rayu. Amsar da ake yawan ji ita ce goma, huɗu suka rage, ƙyanda da agana da zawo suka kwashe sauran. An kawar da agana daga duniya a 1980, rigakafi ya yaɗu, ruwan gishiri da sukari ya ceci yara ba adadi. A 1950 tsawon rai a duniya bai wuce shekara 46 zuwa 47 ba, yanzu ya haura 70. Wanda bai fara da wannan ba, zai ƙare yana zagin matan ƙauye a kan abin da, a gaskiya, nasara ce.

Akwai kuma masu zaton da zarar haihuwa ta ragu, ƙaruwa za ta tsaya nan take. Ba haka lissafin yake ba. A Nijar binciken 2012 ya nuna 'ya'ya 7.6 ga kowace mace, na 2021 ya nuna 6.2. A Nijeriya an sauko daga 5.3 a 2018 zuwa 4.8 a binciken 2023 zuwa 2024. Duk da haka jama'a za su ci gaba da ƙaruwa shekaru masu yawa, domin kusan rabin 'yan Nijar ba su wuce shekara 15 ba, iyayen gobe an riga an haife su. Tirela ce ɗauke da kaya, ko an taka burki sai ta yi tafiya kafin ta tsaya. Mai tsara makaranta da asibiti da ruwan sha, da yaran da ke raye yau zai yi lissafi.

Yanzu ga babban ramin: ƙirga kawuna a manta da abin da kowane kai yake ci. Ba-Amurke ɗaya yana fitar da iskar da ke ɗumama duniya kimanin tan 14 a shekara, ɗan Nijar kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na tan guda. Afirka gaba ɗaya, da kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, abin da take fitarwa daga ƙona mai da gas da kwal bai wuce kashi 4 ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar noma da kiwo a duniya dabbobi da abincinsu ne suka cinye, mafi yawan waken suya da ake nomawa ma cikin kaji da aladu da shanu yake tafiya. Ruwan da ake ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa, wajen kashi 70 cikin 100 noman rani ne ke sha. Dubi Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan. Ya taɓa zama na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya don noman auduga, yau jiragen kamun kifi suna nan zaune a kan rairayi suna tsatsa, ruwa ya yi musu nisan kilomita masu yawa. Haihuwar mutanen bakin tekun ba ita ta ƙafar da shi ba, shawarar ofis ce. In za ka ɗora wa yawan jama'a laifin wata ɓarna, fara tambayar wa ya ɗebi abin, nawa ya ɗiba, ina aka kai shi.

Tafkin Chadi ma ana yi masa wannan gajeren hukunci. Za ka ji an ce ya ƙafe da kashi 90 cikin 100 saboda mutane sun yi yawa. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, a tsakiyar shekarun 1980 kuma ya koma ɗan ƙanƙani. Amma babban dalili shi ne farin shekarun 1970 da 1980, wanda ya rage ruwan kogin Shari da ke ciyar da shi. Tafkin ba shi da zurfi, ɗan canji kaɗan sai gaɓarsa ta ja da baya ko ta dawo, kuma tun shekarun 1990 ya daina raguwa, har ya ɗan farfaɗo. Inda hannun mutum ya fi bayyana shi ne fadamar Haɗejiya da Nguru. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da gonakin shinkafa da makiyaya ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Nan ma, yadda aka raba ruwan ne matsalar farko.

To, kada wanda ke ɗaya ɓangaren ya yi saurin murna. Cewa babu wata damuwa sam shi ma kuskure ne, kuma a wajenmu ya fi yaɗuwa. Hujjar da ake kawowa ita ce Malthus, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, ya yi hasashen yawan jama'a zai jawo yunwa tun 1798 bai ci ba, Paul Ehrlich, masanin halittu ɗan Amurka, ya maimaita a 1968 shi ma bai ci ba. Haka ne. Takin zamani da aka gano yadda ake haɗa shi daga iska a Jamus a farkon ƙarni na 20, da irin alkama da masana noma su Norman Borlaug suka inganta, sun sa abinci ya riga mutane gudu. Sai dai an biya kuɗin. A Punjab ta Indiya ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ƙara nisa yake, manomi na ƙara zurfin burtsatse. Saudiyya ta noma alkama a hamada har tana sayarwa waje, da ta ga ruwan da ya taru tun dubban shekaru yana ƙarewa sai ta janye a 2016. Takin kuma da gas ake yin sa, shi ya sa a 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya taɓa buhun yuriya a kasuwar ƙauye.

Masu cewa ƙasa na da faɗi kuwa, su dubi taswira da kyau. Nijar ta fi Nijeriya girma, amma mafi yawanta hamada ce, jama'a sun taru a ɗan zirin kudu inda gero ke yi. Ƙasar da ke da mutum miliyan 3 da ɗoriya a 1960 yanzu ta haura miliyan 25. A ce uba ya bar gona kadada huɗu, magada takwas, kowane ɗayansu kuma da nasa iyalin. Babu sauran saura da za a bari ta huta, burtali ya shige cikin shuka, makiyayi ya zo ya tarar da gyaɗa inda ya bi bara. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Duk da haka ba dole ba ne cunkoso ya zama kwararowar hamada. Karkarar Kano tana cikin wuraren da suka fi cika a Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Turawa, kuma gonakinta ba su mutu ba. Jakai na ɗauko shara da taki a mangala daga birni, ana haɗa gero da wake a kunya ɗaya, harawa ta koma bakin tumaki, kashinsu ya koma gona. A Maraɗi da Damagaram, daga shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sare sauran. Gawo ya dawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi inuwa da rani. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan kadada miliyan 5, kuma a daidai lokacin da jama'ar yankin ke ninkawa.

Sai batun magani. Mutane da yawa, da sun ji an ce a rage, hankalinsu sai ya tafi ga doka da tilas, masu so da masu ƙi duka. Sin ta yi dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, ta ƙare da maza sun fi mata yawa da tsofaffi birjik, yanzu roƙon mutane take su haihu. Indiya ta yi wa miliyoyi aikin hana haihuwa da ƙarfin hukuma tsakanin 1975 da 1977, gwamnatin ta faɗi zaɓe. Bangaladash kuwa, ƙasar Musulmi, ta sauko daga kusan 'ya'ya 7 zuwa wajen 2 ta hanyar ma'aikatan lafiya mata masu bin gida-gida da karatun 'ya'ya mata. Iran ta yi irin wannan saukar cikin shekara ashirin, da amincewar malamanta. Tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda ake shayarwa shekara biyu ana kuma gudun kunika.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma yana zubar da mutuncin rubutu. Nijeriya ba ta yi ƙidaya ba tun 2006, lokacin da aka samu miliyan 140. Duk adadin da kake ji yau, miliyan 220 ne ko 230, ƙiyasi ne da aka gina a kan wancan. Rubuta "an ƙiyasta", ka ambaci wanda ya ƙiyasta da shekarar.